Ciki wata 5 da ƙarin kilo 10

Yar uwa kince cikinki wata 5 har kin ƙara kilo 10, ya zakiyi ƙibar ta tsaya. Kar ki zauna da yunwa dai, rage shayi mai sukari da lemun kwalba da tulin shinkafar kabsa, ki ƙara ganye da wake da ƙwai, ki dinga taka ƙafa minti 30 kullum in likita bai hana ba. Mai matsakaicin jiki kilo 11 zuwa 16 ake so ta ƙara har haihuwa.

Ni cikina na biyu nan Jidda zafi ya hanani fita sai kwanciya gaban mukayyif (AC) ina cin burodin tamis, wallahi naji jiki, daga baya bayan isha nake zagaya Kornish, wurin shan iska na bakin teku, da maigidan. Ki sa a miki gwajin suga tsakanin sati 24 zuwa 28.