Ina son yin mastas a fannin sadarwa: wace jami'a zan nema, kuma ta ina zan fara?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni mai shirya shirye-shirye ce a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Katsina. Shekara uku ke nan da na gama digirina na farko a aikin jarida, na fito da 2:2, wato ƙaramin matakin daraja ta biyu, na kuma kammala bautar ƙasa. Yanzu ina son komawa makaranta in yi mastas. Wasu suna ce mini in nemi BUK, wasu suna cewa ABU, wata ƙawata kuma ta dame ni da zancen neman tallafin karatu zuwa Ingila. Burina nan gaba in koyar a jami'a, amma ba na son ajiye aikina yanzu domin da shi nake rufa wa kaina asiri. Ta ina zan fara?

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a wannan niyya.

A cikin duk abin da kika rubuta, maganar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce cewa burinki ki koyar a jami'a. Wannan ita ce za ta yanke miki rabin hukuncin tun kafin a zo ga sunan makaranta, domin mastas iri biyu ne a jami'o'inmu, kuma mutane da yawa ba sa gane bambancinsu sai bayan sun biya kuɗi. Akwai na ilimi, wato MSc ko MA, wanda ake shekara guda ana darussa sannan a shiga bincike a rubuta kundi a kare shi gaban malamai har da na wata jami'ar. Akwai kuma na ƙwarewar sana'a, irin na hulɗa da jama'a, wanda galibi ake yi ranakun Juma'a da Asabar saboda ma'aikata. Na biyun ne zai fi dacewa da jadawalinki, shi ne kuma zai ja ki. Ki yi hattara da shi. A yawancin jami'o'inmu ba a shiga digirin digirgir kai tsaye da mastas na sana'a, kuma wanda ba shi da digirin digirgir da wuya ya hau matakin siniya lakcara. Na taɓa zama da wani bawan Allah, ƙwararren ɗan jarida, ya zo ofishina da takardunsa cikin fara'a yana neman gurbin PhD, wato digirin digirgir, sai da na gaya masa cewa takardar da ya kwashe shekara biyu yana zirga-zirga a kanta ba za ta buɗe masa wannan ƙofar ba. Daga baya ya sake sabon lale. Har yau ina jin ciwon wannan zaman, domin tambaya ɗaya kafin sayen fom da ta ishe shi. Mastas na sana'a ba aibu ba ne ga mai son hawa matsayi a ma'aikata ko kamfani, amma ke ba can kika nufa ba.

Batun 2:2 kada ya karya miki gwiwa. Ita ce mafi ƙarancin darajar da jami'o'i da dama ke karɓa ga MSc, sai dai idan masu nema sun yi yawa akan fifita mai 2:1, shi ya sa jarrabawar tantancewa ko ganawar baki, inda ake yin su, suke da nauyi a kanki fiye da a kan wasu. Ki koma ki bita ra'ayoyin sadarwa da dabarun bincike da kika yi a aji uku da huɗu, domin nan tambayoyin suka fi fitowa. Masu digiri mai daraja ta uku, da masu HND, da waɗanda suka fito daga wani fanni, su ne ake mayarwa su fara da PGD, wato diflomar gaba da digiri. Abin da za ki sa a rai tun ranar farko shi ne makin mastas ɗin kansa: mafi yawan jami'o'i suna neman 3.5 cikin 5 kafin su ba da gurbin PhD. Wanda ya yi sakaci a zangon farko yana cewa ai wucewa kawai ake nema, yakan gane kurensa a ƙarshe.

Sai ki tambayi kanki wane reshe na sadarwa kike so, domin fannin ya faɗaɗa. A farkon 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sanar da raba tsohon kwas ɗin aikin jarida gida bakwai: aikin jarida da nazarin kafofin yaɗa labarai, hulɗa da jama'a, tallace-tallace, aikin rediyo da talabijin, fim, sadarwa don cigaban al'umma, da nazarin bayanai da kafofin zamani. Wannan rabon ya fi shafar digirin farko, amma yana da alaƙa da ke kai tsaye, domin jami'o'in da za ki nemi aikin koyarwa a cikinsu nan gaba za su tambaye ki a wane reshe kika ƙware. Wanda ya ce shi ya iya komai, shi ne ake rasa inda za a ajiye.

Yanzu ga makarantun. Jami'ar Bayero tana da tsangaya sukutum ta sadarwa, da gidan rediyonta na kanta, kuma tana zaune a garin da ya fi ko'ina yawan gidajen rediyo masu magana da Hausa, ga masana'antar Kannywood a bakin ƙofa. A nan Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi shekaru yana nazarin fina-finan Hausa da adabin zamani, a nan kuma Farfesa Umaru Pate ya shugabanci tsangayar kafin ya tafi shugabancin Jami'ar Tarayya ta Kashere. Ga mai aikin rediyo da Hausa, Kano ɗakin gwaji ce da ba a biyan kuɗin shiga. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, ban da sashen aikin jarida, tana da tsohon tarihi a amfani da wasan kwaikwayo wajen wayar da kan ƙauyuka, kuma sashen wasan kwaikwayonta yana ba da digiri na gaba a sadarwa don cigaban al'umma. Ga kuma cibiyar NAERLS ta malaman gona, inda isar da saƙo ga manomi ta rediyo sana'a ce ta yau da kullum. Idan hankalinki ya karkata ga lafiya, noma ko ilimin mata, Zariya ta cancanci ki dube ta da kyau. Ibadan da Legas da Nsukka suna da tsofaffin sassa masu daraja, amma ga mai riƙe da aiki a Katsina nisan kaɗai ya isa ya cire su daga lissafi.

Duk da haka, Malama, abin da na gani cikin shekarun da na yi ina wannan aiki shi ne, sunan jami'a shi yake kawo ɗalibi, amma malamin da ke duba bincikensa shi yake fitar da shi. Ɗalibai biyu za su shiga tare, su ci darussa tare, ɗaya ya kare kundinsa cikin shekara biyu, ɗaya kuma ya shekara huɗu yana yawo da babi na uku a jaka. Sau da yawa ba kaifin ƙwaƙwalwa ne ya raba su ba. Ɗaya ya samu malamin da ke karanta aiki ya mayar cikin mako biyu da jan biro a kowane shafi, ɗayan ya faɗa hannun wanda ɗalibai suka yi wa yawa, ko aka ba shi muƙami a wani gari, ko ya tafi hutun shekara. Shafin intanet na jami'a ba zai gaya miki wannan ba. Zuwa da kai ya fi aike. Ki ware rana guda ki shiga mota zuwa Kano, ki je sashen, ki nemi ɗaliban da suka gama darussa suna kan bincike, ba sababbin shiga ba. Ki tambaye su yaushe suka shiga, 'yan ajin da ke gabansu nawa ne suka fita, sau nawa ake zaman kare tsarin bincike a shekara, kuma wane malami ne ake samu a ofis. Za su gaya miki gaskiya, domin wanda ke cikin rana ya fi kowa sanin zafinta. Daga nan ki shiga ɗakin karatu na sashen ki buɗe kundaye biyar ko shida na shekarun baya-bayan nan. Ki duba sunan wanda ya duba kowanne, da irin batun, da ko aikin ya yi zurfi ko an yi shi ne don a fita kunya. Sannan ki saka sunayen malaman a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, ki ga abin da suka wallafa cikin shekara biyar da suka wuce. A sassa da yawa ba ɗalibi ke zaɓar mai duba shi ba, kwamiti ne ke rabawa, amma batun da kika gabatar yana da tasiri kan wanda za a ba ki. Idan kin san wa kike so, ki gina batunki kusa da abin da yake nazari.

Wannan ya kawo mu kan batun binciken, inda nake ganin kin fi yawancin 'yan ajinki jari. Mun gaji da kundayen da ake raba wa ɗaliban jami'a takardar tambayoyi ɗari uku a kan yadda suke kallon Facebook. Ke kuwa kullum kina zaune a ɗakin da masu sauraro ke bugo waya. Kin san wa ke kira da wa ba ya kira, kin san ko muryar mace tana samun shiga shirin siyasa, kin san yadda sojojin baka ke sayen fili da yadda edita ke yanke abin da zai jawo wa tasha tarar hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin. Kin san wahalar mai fassara labarai idan ya ci karo da kalmar tattalin arziki ko ta likitanci da ba ta da tsayayyar Hausa, kowace tasha ta ƙirƙiro tata. Kina aiki a jihar da rahoton tsaro ke iya jefa wakili da majiyarsa cikin haɗari. Akwai kuma darasin 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jita, da irin rawar da rediyo da sarakuna da malamai suka taka har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020. Kowanne cikin waɗannan kundi ne. Ki fara ajiye littafi tun yanzu kina rubuta abin da kike gani a wurin aiki, da kwanan wata. Wanda ya shiga ganawa da tambaya tsayayya a bakinsa, malamai ba sa mantawa da shi.

Game da riƙe aikinki, ba zan ɓoye miki ba: darussan MSc a ranakun aiki ake yin su, kuma shekarar farko za ta buƙaci kwana biyu ko uku a Kano kusan kowane mako. Ki zauna da shugabanki tun kafin sunaye su fito, ku tsara yadda za a mayar da shirye-shiryenki ƙarshen mako ko a riƙa naɗar su, kuma ki nemi a rubuta yarjejeniyar a takarda, domin shugabanni suna sauyawa. Ki kuma yi lissafin lokaci da sassauci. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya kai wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kuɗin mota da masauki da buga kundi sau da yawa sukan zarce kuɗin makarantar kansa.

Shawarar ƙawarki ba ta banza ba ce. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan kuɗin makaranta da na zama da na jirgi don mastas na shekara guda, yana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, wadda kina da ita, kuma sharaɗinsa a dawo gida a yi aƙalla shekara biyu. Akan buɗe shi a watan Agusta, a zaɓi kwasa-kwasai uku, a rubuta maƙaloli kan jagoranci da abin da mutum zai yi in ya dawo. Cikas ɗinki shi ne yawancin jami'o'in Ingila 2:1 suke nema, ko da yake wasu suna karɓar 2:2 idan akwai gogewar aiki. Nema kyauta ne, don haka ki gwada, amma kada ki jingine neman na gida kina jiransa. Zuwa da kuɗin aljihu kuwa ban ba ki shawara ba. Tun da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023, iyalai da dama sun sayar da kadara karatu bai ƙare ba. A Amurka akwai sassan sadarwa da ke yafe kuɗin makaranta su biya ɗalibi alawus idan zai taya koyarwa, ana kuma rufe nema wajejen Disamba zuwa Janairu, sai dai gasar tana da zafi ga dokokin biza masu yawan sauyawa. Hanyar da na fi ganin ta ɓulle wa masu irin sakamakonki ita ce su yi MSc a gida da maki mai kyau, su fitar da maƙala ɗaya daga kundin, sannan su nemi tallafin PhD a waje. A lokacin, ba 2:2 ɗin za a fara kallo ba.

Takardu kuwa, wadda ta fi ɓata wa mutane lokaci ita ce tiranskirif, wato takardar cikakken makin darussan digirinki, domin tsohuwar jami'arki ce za ta aika da shi kai tsaye, kuma yakan ɗauki watanni. Ki nema tun yau. Ki tabbata sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a sakamakon sakandare, da digiri, da takardar bautar ƙasa, da NIN; idan aure ko kuskuren rubutu ya sauya wani abu, ki yi rantsuwar kotu tun da wuri. Masu ba da shaida a kanki su kasance malaman da suka san aikinki, musamman wanda ya duba furojet ɗinki, ki kuma kira su ki gaishe su kafin ki saka sunansu. Fom a shafin makarantar gaba da digiri ta jami'ar kawai ake saye, biya kuma ta Remita. Duk wanda ya ce ki tura kuɗi asusunsa zai samo miki gurbi, ki rabu da shi.

Da ni ne a matsayinki, MSc na BUK zan sa a gaba saboda kusanci da kuma dacewarsa da aikin rediyon Hausa, in sayi fom na ABU a matsayin na biyu, in kuma cika Chevening idan Agusta ta zo. Idan kin je Kano kin dawo, ki rubuto mini batutuwa biyu da kike tunani da abin da ɗaliban suka gaya miki, sai mu duba wanda za a iya gamawa cikin shekara guda da kuɗin da ke hannunki. Allah ya ba da sa'a.