Baiwar Allah, mu ma mun sha wannan jiran

Baiwar Allah, sau uku na karanta tambayarki kafin na iya rubutu. Kin ce an kama maigidanki a bakin daga, abokan aikinsa sun dawo shi shiru, kina so ki sani ko wajibi ne gwamnati ta nemo shi, ko kuwa ƙaddarar aikin ke nan kamar yadda wasu suka gaya miki. Wallahi wajibi ne. Wanda ya aiki yaro shi ke fita nemansa in magariba ta yi.

Yayana soja ne, a Depot na nan Zariya, makarantar horar da sababbin sojoji, aka horar da shi. Aka tura su Saliyo cikin rundunar ECOMOG, dakarun kiyaye zaman lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma, ya ɓace a Janairun 1999 lokacin da 'yan tawaye suka shigo Freetown, babban birnin ƙasar. Wani abokinsa da ya dawo ya same mu har gida a Tudun Wada, ya ce da idonsa ya ga an tasa ƙeyarsa, da ransa. Aka sa hannu kan sulhu a Lome a Yulin shekarar, a 2002 aka ce yaƙi ya ƙare, mu ko takalminsa ba mu gani ba.

Akwai ranar da na raka Inna wani ofishi. Tun asuba muka hau mota, da azumi a bakinta, muka zauna kan benci har azahar ta wuce. Da aka shigar da mu, mutumin ko ɗago kai bai yi daga jaridarsa ba. Inna ta miƙa masa hoton Yaya da hannu biyu, bai karɓa ba. Sai ya ce, "Mama, wa ya sani ko guduwa ya yi ya yi aure a can?" Na kusa da shi ya yi dariya. Inna ta mayar da hoton cikin zanenta, ta ce, "Ɗana ba ya gudu." Har muka iso Kwangila ba ta ƙara cewa uffan ba. Har yau ina ganin fuskar mutumin nan. Na yi ta ƙoƙarin yafe masa, na kasa. Inna kuwa har ta rasu, in aka buga ƙofa da dare sai ta tashi zaune.

Na ga mai cewa Yarjejeniyar Geneva ta 1949, wadda ta ce a saki fursunonin yaƙi ba tare da jinkiri ba da zarar an daina faɗa, tsakanin ƙasa da ƙasa take aiki, ba ta hau kan 'yan tawaye ba. To, na ji. Amma 'yan tawayen ne suka ba shi kaki? Sojojin Moroko 404 na ƙarshe da ke hannun Polisario, 'yan tawayen Yammacin Sahara, sai a 2005 aka sake su, wasunsu bayan fiye da shekara 20. Da kowa ya yi shiru, da a can za su mutu.

Ki je wurin ƙungiyar Red Cross, suna da sashen neman waɗanda suka ɓace, kuma ba a biyan ko sisi. Lambarsa ta soja da sunan bataliyarsa ki rubuta su a wuri fiye da ɗaya. Kada ki ba kowa asalin takarda, kwafi kawai. Mu haka takardun Yaya suka salwanta. Kuma za su zo miki, masu cewa sun san inda yake, a kawo kuɗin mota. Akuyoyin Inna biyu haka suka tafi.

Maganar aurenki kuma, kada dangi su yanke miki hukunci a tsakar gida. Ki je gaban alƙali, don a fiƙihun Malikiyya hukuncin wanda ya ɓace daban ne da na wanda aka tabbatar yana hannun abokan gaba. Matar Yaya shekara da shekaru tana rataye, ba takaba ba saki, ga yara uku, ga surutun mutane.

Yaranki nawa ne? Suna makaranta kuwa? Allah Ya bayyana shi da ransa.