Me ya sa ake jefa ƙuri'a a lissafin hargitsin ruwa da iska?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniya ne, ina karatu a kan gudanar ruwa da iska da yadda suke ɗaukar zafi. An koya mana cewa babu sa'a ko tsautsayi a lissafin Navier da Stokes, wanda yake bayyana motsin ruwa da iska: muddin an san yanayin farko, abin da zai biyo baya a ƙayyade yake. Sai kuma na ga masu bincike suna zuba lambobin ƙuri'a a kwamfuta domin kwaikwayon hargitsin gudana. Wannan ba rufe jahilci da caca ba ne? Kuma yaya za a amince da sakamakon da yake sauyawa duk lokacin da aka maimaita aikin?

Amsa: Abin da aka koya maka gaskiya ne. Lissafin da Navier ya fara a Faransa a 1822, Stokes ya kammala a Ingila a 1845, ba ya buƙatar ƙuri'a. Matsalar ita ce babu wanda yake da ikon bin sa har ƙarshe a gudanar da ta hargitse, kuma dalili biyu ne suka ɗaure mu.

Na farko tsada ce. Gudana mai hargitsi cike take da guguwowi, manya suna farfashewa zuwa ƙanana, ƙanana zuwa waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har a kai girman da danƙon ruwan yake cinye motsin ya mayar da shi zafi. Richardson ya bayyana wannan a 1922, Kolmogorov kuma ya ba shi awo a 1941. Daga awon nasa ake gane cewa idan lambar Reynolds, wadda take auna yadda ƙarfin motsi ya rinjayi danƙo, ta ninka sau 10, gurabun ragar (ƙananan yankunan da ake raba gudanar a cikinsu domin lissafi) da kwamfuta take buƙata domin ta kama kowace guguwa za su ninka kusan sau 180, ɗawainiyar gaba ɗaya kuma kusan sau 1,000, saboda dole a ƙanƙanta takun lokaci shi ma. A lambar Reynolds miliyan ɗaya, wadda ba wani abin mamaki ba ce a fiffiken jirgin sama, ana maganar gurabu wajen tiriliyan 30. Na biyu kuwa shi ne abin da Lorenz ya nuna a 1963, da wasu lissafai uku kacal da ya tsamo daga matsalar tashin zafi: kuskure komai ƙanƙantarsa a yanayin farko yana girma cikin sauri har hanyoyi biyu su rabu sarai. Saboda haka ko da kana da kwamfutar da za ta iya, amsarka ɗaya ce kawai daga cikin dubban amsoshin da awonka ya yarda da su.

Tsohuwar mafita ita ce a ɗauki matsakaici, kamar yadda Reynolds ya yi a 1895, ko a lissafa manyan guguwowi kawai a ƙiyasta tasirin ƙananan, hanyar da Smagorinsky ya buɗe a 1963. A mafi yawan irin waɗannan samfurori ana ɗaukar ƙananan guguwowi tamkar ƙarin danƙo ne kawai, wato aikinsu shi ne tsotse ƙarfi daga manya. A nan ne gizo yake saƙa. Yanayi ɗaya na manyan guguwowi yana iya kasancewa tare da yanayi iri-iri na ƙanana, kowanne da irin turin da yake yi, wani lokaci ma ƙananan ne suke mayar wa manyan da ƙarfi. Samfurin da ya ba da lamba ɗaya tak a nan ya yi iƙirarin sanin abin da bai sani ba. Wanda ya ce turin yana da matsakaici kaza da warwatsuwa kaza, sannan ya zaɓo ɗaya ta ƙuri'a, ya fi shi gaskiya. Wannan ne ya sa Mason da Thomson suka saka irin wannan turi na ƙuri'a a kwaikwayon iskar da ke kusa da ƙasa a 1992, kuma Cibiyar Turai ta Hasashen Yanayi ta Matsakaicin Zango ta shigar da shi cikin jerin hasashenta tun 1998.

Ƙuri'ar ba ta kan mai uwa da wabi ba ce, kuma wannan shi ne gundarin maganar. Ɗauki hanyar bin ƙwayoyin ruwa ɗaya bayan ɗaya, wadda asalinta yake komawa ga Langevin a 1908 da Taylor a 1921, Pope kuma ya faɗaɗa ta sosai a shekarun 1980. Kowace ƙwaya a kowane taku tana samun abu biyu: jan da yake mayar da saurinta zuwa matsakaicin wurin da take, da bugu na ƙuri'a. Ƙarfin bugun da tsawon lokacin da ƙwayar take tuna saurinta na baya duk an ɗaure su da ƙarfin hargitsin wurin da yadda yake lalacewa. Akwai kuma sharaɗin da Thomson ya gindaya a 1987: idan ƙwayoyin sun fara a gauraye daidai wa daida, dole su ci gaba a gauraye. Samfurin da ya karya wannan sharaɗi zai tara hayaƙi a inda iska ta lafa ba tare da wani dalili ba, kuma ba za ka gane ba sai ka gwada.

Tun da ka ambaci zafi, bari in tsaya a kan hanyar da nake ganin ta fi nuna hikimar abin, wato hargitsi a layi ɗaya, da masana suke taƙaitawa da ODT, wanda Kerstein na ɗakunan binciken Sandia a Amurka ya wallafa a 1999. Ka ɗauki ruwa tsakanin faranti biyu, na ƙasa mai zafi, na sama mai sanyi, tsarin da ake jingina wa Bénard da Rayleigh. Idan lambar Rayleigh, wadda take auna yadda turin bambancin zafi ya rinjayi danƙo da ratsawar zafi, ba ta kai 1708 ba ruwan yana kwance, zafi yana ratsa shi kawai. Idan ta haura sai ya fara juyawa, idan ta yi nisa sosai sai ya hargitse, kuma kusan duk bambancin zafin ya tattaru a wani siririn sashe da ke manne da kowane faranti. Wannan siririn sashe shi ne yake yanke yawan zafin da zai wuce, shi ne kuma raga mai manyan gurabu take kasa gani.

Kerstein ya sadaukar da faɗi da tsawo, ya riƙe tsayi kawai: layi ɗaya daga farantin ƙasa zuwa na sama, wanda aka yayyanka ƙanana har ya kama mafi ƙanƙantar guguwa. A kan layin, danƙo da ratsawar zafi ana lissafa su yadda suke, babu ƙiyasi. Juyin guguwa kuwa, wanda ba zai yiwu a layi ɗaya ba, ana kwaikwayonsa da sake jera gurabu. Ka ɗauki gurabu tara a jere, 1 zuwa 9, zafinsu yana raguwa a hankali daga na farko zuwa na ƙarshe. Bayan guguwa ta wuce sai jerin ya koma 1, 4, 7, 8, 5, 2, 3, 6, 9. Duba da kyau abin da ya faru. Ba a ƙara zafi ba, ba a rage ba, domin gurabun nan tara ne dai aka sauya wa mazauni. Na farko da na ƙarshe suna inda suke, don haka ba a yanke alaƙa da sauran layin ba. Amma gangaren zafin ya ninka kusan sau uku, kuma gurbi na 2 mai zafi ya tsinci kansa can sama kusa da masu sanyi, abin da zai sa ratsawar zafi ta yi aikinta da sauri. Haka guguwa ta gaske take yi: tana miƙar da ruwa tana ninke shi.

Abin da ake bar wa ƙuri'a shi ne inda guguwar za ta faɗo, da girmanta, da lokacinta. Ko a nan ma yiwuwar kowace guguwa ana auna ta ne daga halin da layin yake ciki a daidai lokacin. Idan sake jerin zai ɗaga ruwa mai zafi sama ya sauko da mai sanyi, ƙarfi ya samu, yiwuwar ta ƙaru. Idan zai ɗaga mai nauyi ne a kan mara nauyi, sai an biya da ƙarfin motsi, idan babu shi guguwar ba za ta auku ba. Waɗanda suka yi ƙanƙanta ƙwarai kuma danƙo ne yake hana su. Da yake kowace guguwa tana tsananta gangare a inda ta faɗa, tana jawo wasu ƙanana su biyo ta, sai farfashewar nan ta Richardson ta fito da kanta ba tare da an dasa ta ba.

Ba na ɓoye maka iyakarta. Layi ɗaya bai san siffar tukunyar gwaji ba, bai san bangon gefe ba, kuma ba ya ganin babban kewayen da yake zagaye dukkan ruwan, alhali wannan kewaye yana taɓa siririn sashen da muka ambata. Akwai kuma lambobi biyu zuwa uku da dole a daidaita su da sakamakon gwaji ko na cikakken kwaikwayo. Wanda ya daidaita su a wani yanayi sannan ya miƙa samfurin zuwa lambar Rayleigh mai nisa, inda har yau ake muhawara ko wucewar zafi za ta bar ƙa'idar ɗaya bisa uku ta Malkus, mai faɗin yadda wucewar take ƙaruwa da lambar Rayleigh, ta koma wadda Kraichnan ya yi hasashe a 1962, to ya san cewa hasashe yake yi.

Game da sakamako mai sauyawa, ruwan da ke ɗakin gwaji shi ma haka yake: ka maimaita gwajin, ma'aunin zafinka ba zai sake zana layin jiya ba. Abin da yake tsayawa shi ne matsakaicin zafin da ya wuce, wanda ake aunawa da lambar Nusselt, da warwatsuwar awon, da yawan aukuwar manyan sauye-sauye. Waɗannan ne za ka kwatanta. Ka sauya irin da kake shuka lambobin ƙuri'ar da shi, wato lambar farko da kwamfuta take fara samar da su daga gare ta, ka maimaita sau da yawa, ka rubuta matsakaici tare da iyakar kuskurensa, ka kuma tuna cewa kuskuren ƙididdiga yana raguwa ne a hankali: sai ka ninka yawan maimaicin sau huɗu kafin ya ragu da rabi. Idan matsakaicin naka yana ci gaba da yawo bayan haka, ka fara duba ko ka jefar da sashen farko na aikin, kafin gudanar ta daidaita, sannan ka duba ko ragar ta kama siririn sashen da ke jikin faranti.