Tambaya da Amsa: Manhajar Da Ta Yi Wa "cat" Ƙazafin Haihuwa

Galibin wasiƙun da na zaɓo a wannan makon sun haɗu a kan abu ɗaya, wato bambancin zubin furosesa, ƙwaƙwalwar da ke gudanar da waya ko kwamfuta, kuma ɗaya daga cikinsu ta taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, saboda haka sauran masu tambaya sai su yi haƙuri da gajeren rabo.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Wunti. Akwai wata manhaja da nake tura wa kwastomomi, tana hawa tsofaffin wayoyi lafiya, amma wata sabuwar waya ta ƙi karɓarta duk da cewa akwai wuri a cikinta.

Amsa: Wa alaikumus salam. Fayil ɗin da ke hannunka na furosesa mai bit 32 ne, wanda ake yi wa alama da armeabi-v7a, sabuwar wayar kuwa da alama tana cikin waɗanda ba sa karɓar komai sai na bit 64, wato arm64-v8a, kamar Pixel 7 da ta fito a 2022. Tun watan Agusta na 2019 Google ya wajabta wa masu saka manhaja a Play Store su haɗa da zubin bit 64, don haka ka sauko da sabuwa daga can, ka bar wannan tsohon fayil da ya zaga wayoyin rabin Bauchi ya huta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na kimiyyar kwamfuta, ina zaune a Yalwa. Aikin kammala karatuna shi ne rubuta ƙaramar manhaja da harshen C mai bin diddigin kiraye-kirayen da wata manhajar ke yi wa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke yi wa manhajoji hidima, irin aikin sananniyar manhajar bin diddigin nan strace. Tana aiki daidai a laftof ɗina mai furosesar Intel. Malamin da ke duba aikin ya ce in mayar da ita kan wani ƙaramin allon kwamfuta mai furosesa zubin RISC-V. Da farko ta ƙi harhaɗuwa, na yi ta canza sunaye har ta yarda, amma yanzu idan na bi diddigin cat, ƙaramar manhajar da ke nuna abin da ke cikin fayil, sai ta jero mini clone da fork da uname da semget, kuma idan kira ya dawo sai in ga ƙimar farko da aka miƙa masa ta canza. Shin allon ne ya lalace, ko Linux ɗin da ke kansa jabu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allon lafiyarsa ƙalau, Linux kuma ba caja ba ne da za a ce an samu jabu. Manhajarka ce take yi wa cat ƙazafi, domin aikinsa bai wuce ya buɗe fayil, ya karanta, ya rubuta a fuskar kwamfuta, ya rufe ba, ita kuwa ta ce yana ta haihuwar 'ya'ya yana tambayar sunan mashin. Maganar da ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ita ce "na yi ta canza sunaye har ta yarda". Yardar kwamfaila, wato manhajar da ke harhaɗa rubutun C ya zama abin da furosesa ke ganewa, shaida ce kawai cewa nahawun C ɗinka bai karye ba, ba ta san komai ba game da gaskiyar abin da manhajar za ta faɗa. Na sha ganin ɗalibai suna murna idan jajayen rubutu sun daina fitowa, alhali a irin wannan aiki daga nan ne wahalar take farawa, kuma manhajar bin diddigi da ta faɗi warwas ta fi mini wadda ke tsara ƙarya cikin natsuwa, saboda ta farkon kowa ya san ba ta da lafiya.

Mu fara da lambobin. Manhaja ba ta kiran kanel da suna, lamba take miƙa masa, kuma kowane zubin furosesa yana da nasa jadawalin. A x86 mai bit 64, read shi ne 0, write 1, open 2, close 3. RISC-V kuwa, kamar ARM mai bit 64, yana amfani da jadawalin gama-gari na Linux, inda openat yake 56, close 57, read 63, write 64. Yanzu ka duba waɗannan lambobi huɗu a jadawalin Intel da ka kwafo: 56 shi ne clone, 57 fork (biyun na haifar da sabuwar manhaja mai gudana ne), 63 uname (mai tambayar sunan mashin), 64 semget. Ka ga jerin da ka aiko mini, ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗauki lambar rumfa ta kasuwar Wunti ka tafi da ita Muda Lawal, sa'annan kana mamakin tarar da mai tumatir a inda ka saba ganin mai atamfa. Ba lambobin ne kaɗai suka bambanta ba, akwai kiran da babu shi ɗungurungum: a RISC-V babu open, sai openat, babu fork, sai clone, babu arch_prctl na Intel, sa'annan yana da nasa na kansa irin riscv_flush_icache. Tun daga Linux 5.1 aka daidaita cewa sababbin kiraye-kiraye, daga lamba 424 zuwa sama, su riƙa ɗaukar lamba ɗaya a galibin zubi, amma tsofaffin da cat ke amfani da su suna nan yadda suke. Kada ka zauna ka buga sabon jadawali da hannu daga wani shafin intanet. Ka sa tsarin harhaɗawarka ya ciro sunayen da suka fara da __NR_ daga fayil ɗin sys/syscall.h na mashin ɗin da ake nufi, ta yadda ko gobe malaminka ya ce a koma wani furosesa, jadawalin zai bi shi da kansa.

Sai aljihunan furosesa, waɗanda ake kira rajista. A Intel lambar kira tana cikin rax, 'yan rakiyarta shida, wato ƙimomin da ake miƙawa tare da kiran, suna cikin rdi, rsi, rdx, r10, r8 da r9, amsa kuma ta dawo a rax. A RISC-V lambar tana a7, 'yan rakiya suna a0 zuwa a5, amsa ta dawo a a0. A nan ne matsalarka ta biyu take. Aljihun da ya ɗauki ƙimar farko ya shiga da ita, shi ne kuma ya fito da amsa, saboda haka wanda ya jira kira ya dawo kafin ya leƙa a0 ba zai tarar da abin da aka miƙa ba. A Intel ba ka ji zafin wannan ba domin aljihun da ake takewa na lamba ne, kanel kuma yana ajiye maka kwafinsa a orig_rax, shi ya sa ka ɗauka haka duniya take. Maganin shi ne ka kwashe lamba da dukkan 'yan rakiya a tsayawar shiga, wato sa'ad da kanel ya dakatar da manhajar da kake bi kafin ya aiwatar da kiran, ka ajiye su a wurinka, a tsayawar fita kuma kada ka karanta komai sai amsa. Duk wannan yana rubuce a jadawali cikin shafin jagora na man 2 syscall, wanda ke zaune a laftof ɗinka tun ranar da ka saka Linux, kuma ina da yaƙinin ba ka taɓa yi masa sallama ba.

Da ni ne kai, da ban wahalar da kaina da tonon aljihu ba. Tun Linux 5.3, wanda ya fito a 2019, ptrace, wato kiran da masu bin diddigi ke amfani da shi, yana da buƙata mai suna PTRACE_GET_SYSCALL_INFO, wadda ke ba ka lambar kira, da 'yan rakiya shida, da amsa, da ko amsar kuskure ce, da kuma ko a shiga kake ko a fita, cikin tsari ɗaya da bai damu da zubin furosesa ba. Sharaɗinta shi ne ka kunna PTRACE_O_TRACESYSGOOD tun farko. Wannan ya fi dabarar da nake zargin kana yi, ta ƙirga tsayawa ɗaya shiga, ɗaya fita, domin ƙirgen yana rikicewa da zarar sigina ta faɗo a tsakiya, ko execve, kiran kunna sabuwar manhaja, ya kawo ƙarin tsayawa, kuma exit_group, kiran kammala aiki, idan ya shiga ba ya dawowa. Idan malaminka yana so ya ga ka karanta aljihunan da kanka, to ka sani cewa PTRACE_GETREGS na Intel babu shi a RISC-V, sai PTRACE_GETREGSET tare da NT_PRSTATUS.

Batun kuskure ya yi maka sauƙi a wannan karon, tun da RISC-V da Intel duka suna nuna shi da amsa mai ragi tsakanin -4095 da -1, misali -2 na nufin babu fayil ɗin. Amma kada ka rubuta wannan a matsayin dokar kowa da kowa, domin zubin MIPS yana ɗaga tuta a aljihun a3, zubin PowerPC kuma a wani bit na rajistar sharaɗi. Haka nan tutocin da ake haɗawa da kira suna iya yaudara: ƙimar da ke nufin O_DIRECTORY a Intel ita ce ke nufin O_DIRECT a ARM mai bit 64, ta O_DIRECT a Intel kuma ita ce O_DIRECTORY a ARM ɗin. Kama da wane ba ta wane. Duk inda ka rubuta lamba tsirara a cikin manhajarka, ka maye gurbinta da sunanta na fayilolin kanel, sa'annan ka tattara duk abin da ya shafi zubin furosesa a folda guda.

Ba ni na ƙirƙiro wannan tsari ba, haka strace ɗin kansa yake. Paul Kranenburg ya rubuta shi a 1991 domin tsarin sarrafa kwamfuta na SunOS, Branko Lankester ya mayar da shi Linux, kuma a yau idan ka buɗe tushensa za ka ga kowane zubi da foldarsa, da ƙananan fayiloli irin syscallent.h na jadawali, get_scno.c na ciro lamba, get_syscall_args.c na 'yan rakiya, da get_error.c na gane kuskure. Ka ajiye foldar x86_64 da ta riscv64 gefe da gefe ka karanta su a dare ɗaya, za ka ga iyakar aikin da ke gabanka, wanda bai kai yadda kake tsoro ba. Linux ya karɓi RISC-V tun siga ta 4.15 a farkon 2018, saboda haka hanyar ta sha taku kafin kai.

Abin da nake naci a kansa kullum shi ne gwaji da amsar da ka riga ka sani. Bin diddigin cat da ido ba gwaji ba ne. Ka rubuta manhaja mai layi goma da za ta yi kira da ƙimomin da ka zaɓa da gangan, misali ta nemi rufe fayil mai lamba 1234 wanda babu shi, ta buɗe sunan da ka san ba ya nan, ta rubuta haruffa bakwai daidai. Ka rubuta a takarda, da biro, abin da ya kamata ya fito kafin ka kunna komai, sa'annan ka kwatanta da abin da manhajarka ta faɗa da abin da strace na ainihi ya faɗa a kan allon. Ina da littafin aji mai layi da na keɓe wa irin wannan, kuma ya fi kowace manhaja kama ni ina yaudarar kaina. Idan allon na sashe ne, ba kullum yake hannunka ba, ka kafa cikakken mashin na kwaikwayo da qemu-system-riscv64 a laftof ɗinka. Ka lura na ce cikakke, domin ɗaya nau'in na QEMU, mai gudanar da manhaja guda ba tare da kanel ɗinta ba, ba ya goyon bayan ptrace, za ka kwana kana zargin kanka a banza. Ka fara a wannan makon, ba a fafe gora ranar tafiya, ranar kare aiki kuma ba a san ko za a samu wuta ba.

Tambaya: Malam, daga Pantami a Gombe nake rubutowa. Idan na ce strace -p da lambar manhajar da ke gudana a Ubuntu, sai ya ce mini "Operation not permitted", alhali ni na kunna manhajar.

Amsa: Tsaron kanel mai suna Yama ne, wanda Ubuntu ke saita ma'auninsa, ptrace_scope, a 1, ma'ana ba ka bin diddigin kowa sai wanda ya fito daga tsatsonka. Ka sa sudo a gaba domin ka samu ikon mai kula da mashin, ko ka kunna manhajar ta hannun strace tun farko. Masu ba da shawarar a mayar da ptrace_scope zuwa 0 a bar shi haka, su ne masu cire ƙofar gida saboda makulli yana ba su wahala.

Tambaya: Malam, na harhaɗa manhaja a laftof na kwafa ta zuwa ƙaramin allon kwamfuta na Raspberry Pi, sai ta ce "Exec format error". Daga Azare.

Amsa: Ka buga file da sunan manhajar, ka buga uname -m a kan allon, za ka ga ɗaya ta ce x86-64, ɗayan ya ce aarch64 ko armv7l, wato manhajar ta zubin Intel ce, allon kuwa na ARM. Ka harhaɗa ta a kan allon, ko da kwamfailar da aka yi domin ARM.

Tambaya: Malam, wani abokina ya ce idan na saka strace a wayata ta cikin Termux, manhajar da ke ba da damar buga umarnin Linux a Android, zan iya ganin abin da WhatsApp ke aikawa. Gaskiya ne? Daga Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Android yana ba kowace manhaja shaidar mai amfani tata daban, don haka strace na cikin Termux ba ya ganin kowa sai abin da Termux ɗin ya kunna, sai fa idan an fasa wayar an samu ikon root, wato cikakken iko a kanta. Ko da ka kai can, abin da zai bi ta sendto da write a kan hanyar intanet rufaffen saƙo ne da ba za ka karanta ko harafi ɗaya daga cikinsa ba. Ban kuma tambaye ka ko wayar wa ake son leƙawa ba.