Na gama digiri a lissafi, mastas ɗin me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, na karanta lissafi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua na fito da sakan kilas ofa, bautar ƙasa ma na gama. Yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ko man mashin baya isa, a gida kuma an matsa in koma mastas. Dan Allah in ci gaba da lissafin ko in koma ƙididdiga? Kuma ban da alli da allo akwai wani aiki ga irin mu?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka sayi fom ka fara tambayar kanka, lokacin da kuke aji uku ana Real Analysis da Abstract Algebra, daɗi kake ji ko dai haddacewa kake ka juye a jarabawa ka ce Allah raka taki gona? Ba wasa nake ba, amsar nan ita ce rabin shawarar.

In daɗi kake ji, toh kai ɗan tsantsar lissafi ne, hanyarka kuma koyarwa a jami'a ce da bincike, wanda in ba ka da digirin dokta ba ka ma fara ba. ABU da BUK duk suna da mastas da dokta a lissafi. Amma da sakamakonka ni ba nan zan fara tura ka ba, AIMS zan ce ka nema. Cibiyar nazarin lissafi ce da Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003, yanzu tana da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, mastas ne na kusan shekara guda kuma in sun ɗauke ka karatu da ɗaki da abinci duk a kansu. Sai ICTP, cibiyar binciken fiziks da lissafi da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, suna da difloma ta shekara ɗaya mai tallafi da ke share wa mutum hanyar dokta a waje. Duka biyun farkon shekara ake rufe neman gurbi, kuma suna son wasiƙar malamanka, don haka ka koma sashenku ka gaida mutane tun yanzu, ba sai ana saura kwana biyu ka turo saƙo cikin dare ba. TETFund kuwa, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, cire ta a lissafi, sai wanda ya riga ya zama malami a babbar makarantar gwamnati.

In kuwa aiki kake nema, kuma daga tambayarka haka na fahimta, koma ƙididdiga. Mai digirin lissafi baya wahala a can, wani wurin dai za su iya cewa ka fara da PGD, wato diflomar bayan digiri, in kwasakwasan ƙididdigarka sun yi kaɗan. Aikin yana NBS (hukumar ƙididdiga ta ƙasa), hukumar ƙidayar jama'a, CBN da bankuna, kamfanonin waya, sai ƙungiyoyin da ke aikin tamowa da rigakafi a nan jihar Katsina, kullum suna neman mai sa ido da tantance aiki. Akwai kuma akcuwari, masu lissafin haɗari a inshora da fansho, ƙalilan ne a Najeriya, sai dai jarabawowin na Ingila da Amurka ne, da kuɗin waje ake biya kuma shekaru suke ci.

Amma fa wallahi satifiket ɗin shi kaɗai ba zai kai ka ba. Na taɓa zama a intabiyu, yaro mai fes kilas ya rubuto mana ƙa'idar rigireshan (dabarar auna alaƙar wani abu da wani a ƙididdiga) a takarda tsaf ba kuskure, da muka juya masa laftof muka ce ga data nan layi dubu biyu gyara mana, sai ya tsaya yana kallon allon yana share zufa. Wadda muka ɗauka sakan kilas lowa gare ta, ta dai iya Excel da R, manhajar ƙididdiga.

Saboda haka wata shida masu zuwa, ko kana koyarwar, ka koyi Excel sosai, sannan SQL na zaƙulo data daga rumbunta, sannan R ko Python na sarrafa ta, ɗaya ya isa a farko kuma su biyun kyauta ake sauke su. Kada ka tsaya kallon bidiyo kawai. Kasuwar Mai'aduwa na kusa da kai, duk ranar kasuwa ka rubuta kuɗin tiyar gero da masara da wake a KoboToolbox, manhajar tattara data a waya, bayan wata uku ka zana yadda farashin ke hawa da sauka ka gwada shi da rahoton hauhawar farashi da NBS ke fitarwa duk wata. Wannan ɗan aikin shi za ka nuna a intabiyu, shi ne kuma zai iya zama tushen furojet ɗinka, sufabaiza ma ya fi son ɗalibin da ya zo da datarsa a hannu.

Baba kuma ka lallaɓa shi, ka ce mastas na nan tafe amma sai an fara neman na kyauta. In ka rubuta takardar neman AIMS ɗin turo min in duba maka kafin ka tura.