Sunanmu Stewart: shin da gaske jinin Sarki Robert Bruce ne mu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Gilasgo, maigidana ɗan Sikotilan ne, sunan gidansu Stewart. Surukata ta haƙiƙance cewa su jinin Sarki Robert Bruce ne, har ta rataye wata takarda mai tambari, wato zanen alamar dangi, a falo. Yara sun fara tambayata. Ta ina zan bi in tabbatar?

Amsa: Malama, barka kadai. Mai yiwuwa maganar surukarki gaskiya ce, amma takardar falon ba za ta tsaya mata shaida ba. A Sikotilan mutum ɗaya ake bai wa tambari, magajinsa ya gada, kuma tun 1672 ofishin Lord Lyon, jami'in da ke kula da tamburan ƙasar, da ke Edinbara ke rajistarsa. Wanda ake sayarwa a shagunan 'yan yawon buɗe ido da sunan dangi, ado ne kawai.

Bruce ya yi sarautar Sikotilan daga 1306 zuwa 1329. Ɗansa David na Biyu ya rasu a 1371 bai bar baya ba, sai sarauta ta koma hannun jikan Bruce ta wajen 'yarsa Marjorie, wato Robert na Biyu, sarki na farko a gidan Stewart. Shi kuwa ya haifi 'ya'ya sama da 20, na aure da na waje. Daga lokacin zuwa yau an yi zuriya kusan 25. Ki riƙa ninka iyaye biyu har sau 25, za ki samu kakanni fiye da miliyan 33, alhali mutanen ƙasar a wancan zamani ba su kai miliyan ɗaya ba. Kin ga jini ya cuɗanya, da wuya a samu ɗan asalin ƙasar da bai taɓa gidan ba ta wani gefe. Aikin yana wajen nuna hanyar, suna bayan suna.

Sunan kansa ba hujja ba ne. Asalinsa muƙami ne, kamar a ce sarkin gida, kuma ba sarki kaɗai ke da mai riƙe masa gida ba. Manoma ma sukan ɗauki sunan ubangidan da suke zaune a ƙasarsa.

Kada ki fara daga sarki ki gangaro, nan mutane ke ɓata. Ki fara daga maigidanki ki yi baya. Shafin ScotlandsPeople na hukumar adana takardun ƙasar shi ne ƙofa. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1855, kuma takardar mutuwa tasu tana da daɗin aiki: tana ɗauke da sunan uban mamaci, da na uwarsa har da sunan gidansu kafin aure. In kika dace da tsohon da ya rasu a 1860 yana da shekara 80, takarda ɗaya ta kai ki 1780, ta kuma ba ki iyayensa. Ki haɗa da ƙidayar jama'a, daga ta 1841.

Kafin 1855 sai littattafan coci. Mafi tsufa na 1553 ne, amma a yankin tsaunuka wasu sai ƙarshen ƙarni na 18 suka fara rubutu. Ga kuma al'adarsu ta sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa. Sai ki tarar da John Stewart huɗu a ƙauye ɗaya, sa'o'in juna. Duk wanda ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi a cikinsu, ya shiga dangin wasu. Yawancin salsalar da ake kwafa a intanet a wannan gaɓar take karyewa, shi ya sa ni ba na karɓar ko ɗaya sai na ga takardar da ke ƙarƙashinta.

Abin da za ki nema shi ne kaka ɗaya mai mallakar ƙasa. Talaka bai cika barin sawu a tsofaffin takardu ba, mai fili kuwa dole a rubuta wanda ya gaje shi. Akwai rajistar filaye da aka buɗe a 1617, akwai wasiyyoyi tun 1513. In suka haɗa ki da wani babban gida, sauran hanyar an riga an share ta a littafin salsalar manyan gidajen ƙasar, The Scots Peerage, juzu'i 9 da aka buga tsakanin 1904 da 1914.

Gwajin ƙwayar halitta ta maza zai taimaka, amma da iyaka. Daga uba zuwa ɗa kawai take bi, ita kuwa Marjorie mace ce, saboda haka ba zai kai ga Bruce ba. Abin da zai nuna shi ne ko maigidanki na tsatson Stewart na asali ne. Masu bincike a Jami'ar Strathclyde, nan garinku, sun gano alamar S781 a zuriyar Sir John Stewart na Bonkyll, wanda aka kashe a yaƙin Falkirk a 1298, ɗan gidan Stewart ne amma ba sarki ba.

Makon nan ki zauna da surukar taki da biro da takarda, ki tambaye ta sunan kakan mijinta, garin da ya rasu da shekarar. Maganar tambarin falo ki bar ta tukuna.