Shin akwai haɗari a barza abincin doki a injin da ake haɗa abincin kaji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da dawakai uku a Zariya, ingarma biyu da goɗiya ɗaya. Yaron dokina ya saba kai dawa da masara a barza a wani injin da ke kusa da mu, wanda masu gidan gona ke haɗa abincin kaji da na shanun kiwo, can kuma muke sayen dusa. Wani abokina ya ce in daina, wai akwai maganin kaji da ke kashe doki. Na yi wa mai injin magana, ya ce kullum sai ya share kafin ya zuba namu. Gaskiya ne akwai haɗari, ko tsoro ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokinku ya faɗa muku gaskiya, kuma shawarata ita ce ku janye daga wannan injin tun yau, kada ku jira sai kun ga alama a jikin doki.

Magungunan da yake nufi wasu dangi ne da ake zuba wa a abincin kaji don rigakafin kwaksi, ciwon nan da ke sa kaji kashin jini, ake kuma ba shanun kiwo don abinci ya riƙa kama jikinsu. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne monensin, da ake sayarwa da sunan Rumensin ko Coban. Akwai salinomycin, da lasalocid, da narasin, da maduramicin. Ba haramtattun magunguna ba ne. Tun 1971 Amurka ta amince da monensin ga kaji, a 1975 kuma ga shanu, yau kusan duk inda ake kiwon burola da yawa za a same shi ko wani ɗan'uwansa. Matsalar ita ce jikin doki ba ya ɗaukarsa. Kaza tana buƙatar wajen miligiram 200 a kan kowane kilo na nauyinta kafin ya kai ga kisa, saniya sama da 20, doki kuwa miligiram 2 zuwa 3 kacal. Salinomycin ya ma fi muni, domin 0.6 ya isa.

Bari mu yi lissafin da dokinku. A ce ingarmanku ya kai kilo 350. Giram ɗaya na monensin, ko ma ƙasa da haka, zai iya kashe shi. Garin maganin da masu haɗa abinci ke saye kafin su gauraya yakan zo da ƙarfin kashi 20 cikin 100, wato cokalin shayi ɗaya na wannan garin ya isa. Abincin burola da aka riga aka haɗa da salinomycin yakan ɗauki giram 60 a kowane tan, don haka kilo uku da rabi na abincin ya kai ma'aunin kisa, kuma dokin da ya tsinke turke da dare ya tarar da buhu a buɗe zai cinye wannan kafin asuba. Ku lura kuma, waɗannan alƙaluman na abin da ke kashe rabin dawakan da suka ci ne. Abin da bai kai haka ba yana iya barin doki a tsaye, amma ya lalata masa zuciya.

Yadda yake ɓarnar shi ne yana buɗe wa gishirin jiki hanya ya riƙa kwarara cikin ƙwayoyin tsoka ba bisa ƙa'ida ba, sinadarin kalsiyam ya taru a ciki, ƙwayar ta kumbura ta mutu. Tsokar da ta fi shan wahala a doki ita ce ta zuciya, kuma inda ya mutu a zuciya ba ya sake tohowa, tabo ne ke maye gurbinsa.

Yanzu batun sharar mai injin. Ba na ce ƙarya yake muku ba, wataƙila yana sharewar da zuciya ɗaya. Amma ku je ku leƙa cikin miksar, wato injin da ke gauraya abincin, da kanku. Ku sa hannu a ƙasanta, wajen da ake buɗewa abinci ya zubo, za ku ji gari ya daskare a kusurwa. Ku dubi ƙarfen da ke murɗawa yana ɗaga abinci sama, ku dubi rariyar injin barza, da shebur ɗin da ake kwasa da shi, da kwanon sikeli, da simintin da ake juya abinci a kai. Garin magani yana da laushi ƙwarai, yana manne wa ƙarfe, tsintsiya ba ta kai wa ko'ina. Abin da ya maƙale ɗin kuma ba ya rabuwa daidai a cikin hatsin da ya biyo baya. Buhun farko da ya fito shi ke kwashe mafi yawa, shi ya sa a barga ɗaya doki ɗaya zai faɗi, sauran su tashi lafiya, mutane su ce ai da abinci ne da duk sun kamu. Ga kuma kuskuren ɗan Adam: yaron inji ya ɗauko buhun da ba shi ba, ko ya juye ragowar abincin wani a cikin naku don kada a yi asara.

Manyan kamfanoni masu na'ura da dokar tsafta a rubuce ma abin yana kufce musu. A watan Agustan 2024, a garin Elk City na jihar Oklahoma a Amurka, dawakai wajen 70 na wani gidan kiwo suka mutu cikin 'yan kwanaki bayan an kawo musu mota ɗaya ta abinci. Kamfanin ya amsa cewa akwai monensin a ciki, ya ce wankin injin ne bai yi ba, wata na'urar lura kuma ta samu matsala. An yi irin wannan a jihar Filorida a 2014, da jihar Kalifoniya a 2015, duk a Amurka. Wannan ne ya sa masu dawakai a can suke neman abincin da aka yi a masana'antar da maganin ba ya shiga harabarta sam. In injin da kwamfuta ke sarrafawa ya kasa, tsintsiya ba za ta iya ba.

Ba waɗannan kaɗai ba ne. Lincomycin da tylosin, da ake sa wa a abincin kaji, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa a hanjin doki, su jawo zawo mai tsanani da kan kai ga mutuwa. Masu sukuwa da folo kuma suna da wata damuwar: a 2020 an sami zilpaterol, maganin ƙara wa shanu tsoka, a abincin dawakan wani kamfani na ƙasar Ayalan, ta hanyar ruwan rake da aka gauraya, har aka janye dawakai daga babbar gasar Arc ta Faris.

Alamomin da za ku sa wa ido: doki ya ƙi abinci, musamman in sabon buhu aka buɗe. Kada a tilasta masa, kada a zuba kanwa ko wani abu don a jawo ra'ayinsa, sau da yawa wannan ƙin shi ne gargaɗin farko. Daga nan sai zufa ta keto masa ba tare da ya yi aiki ba, ya riƙa kartar ƙasa yana waiwayen cikinsa, ƙafafun baya su yi rauni yana tangaɗi, numfashi da bugun zuciya su yi sauri, fitsari ya koma ja ko baƙi-baƙi. Sai ya kwanta ya kasa tashi. Wanda ya ci da yawa yakan mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. A wajenmu irin wannan mutuwar akan ɗora ta a kan ciwon ciki, ko sarar maciji, ko sammu, a binne doki a ci gaba da ba sauran abinci daga buhun da ya kashe shi.

Babu makari. In kun yi zargi, ku ɗauke abincin nan take daga gaban dukkan dawakan, har da waɗanda ke da lafiya, ku bar su da harawa da ruwa, ku kira likitan dabbobi. Abin da zai iya shi ne ɗura garin gawayi na asibiti don ya kama abin da bai riga ya shiga jini ba, da ƙarin ruwa don kare ƙoda, da bitamin E da seleniyam. Ku hana kowa yi masa allurar kalsiyam don wai ya tashi, ƙara masa ciwon take yi. Kada ku zubar da buhun. Ku ɗebi wajen kilo ɗaya daga sama da tsakiya da ƙasa, ku ƙulle a leda, ku rubuta ranar da aka barzo, ku tafi da shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan kusa da ku, su za su nuna muku inda za a gwada. Ku sanar da mai injin ma, domin akwai wasu masu dawakai da jakai da raƙuma da ke zuwa wajensa, kuma duk maganin yana yi musu illa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dokin da ya warke. Zai koma cin abinci, gashinsa ya yi sheƙi, a ɗauka ya wuce wajen, alhali zuciyar ta riga ta yi tabo. Bayan makonni ko watanni sai a ga yana saurin gajiya a kilisa, ko ƙirji da ƙasan cikinsa sun kumbura, ko kuma ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar gudu da mutum a bayansa. Ku tuna yadda ake sakin linzami a jahi ranar Hawan Daushe, ga jama'a dama da hagu, sau da yawa kuma yaro ne a kan sirdi. Dokin da ake zargin ya ci wannan magani a hutar da shi aƙalla wata biyu, kada a ɗaura masa sirdi sai likita ya duba zuciyarsa yana hutawa da kuma bayan ya motsa jiki.

Mafita ba ta da tsada. Doki mai haƙora lafiya ana iya jiƙa masa gero ko dawa maimakon a barza. In dole sai an barza, saboda tsohon doki ko dukushi, a kai injin unguwa da ake niƙa garin tuwo, wanda ba ya taɓa abincin dabbobi. Dusa kuma a saya daga masu surfe ko kamfanin fulawa, a cikin sabon buhu ko wanda kuka je da shi daga gida, domin tsohon buhun abincin kaji da ake sayarwa a kasuwa yakan zo da gari a ɗinkinsa. In kuna da kaji ko shanun kiwo a gida, a raba ɗakin ajiya, a raba kwanon awo da shebur, a sa wa ɗakin abincin kajin kwaɗo. Ku zaunar da yaron dokin ku yi masa wannan bayani da kanku, tunda shi ke zuwa injin, shi kuma zai fara ganin ranar da doki ya kau da kai daga abinci. Abin da aka riga aka barzo daga can kuma yana ajiye, kada a ƙara ba dawakan ko tafin hannu ɗaya. Allah Ya tsare muku su.